Tutar da Muka Hana a Rufa wa Yaya

Daga Allah muke, kuma Yaya ta riga mu komawa gare Shi. Ranar da ta cika ina Birmingham, a gidan ɗana da ke Perry Barr. 'Yarta, wadda take likita a wani asibiti da ke kan Oxford Road a Manchester, ita ta kira ni da hantsi. Ba ta yi kuka ba. Ta gaya mini rasuwar, sannan ta tambaye ni wa zai wanke ta. Kanta ya ɗaure. Tun tana yarinya, in mace ta mutu uwarta ake kira, yau kuma ta rasa wadda za ta kira.

Ko da na isa gidansu a Withington bayan azahar, an riga an amsa mata. Matan da Yaya ta koya wa wankan gawa sun cika falo, har sun fara sa-in-sa a kan wadda za ta riƙe buta. Wata Basomaliya ta zauna a kan matakala ta ƙi shiga, tana kuka tana cewa Yaya ce ta wanke mata 'ya. Wata tsohuwar Baturiya daga cocin unguwar ta zo da furanni, ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa wanda za ta miƙa wa, sai babbar jikar Yaya ta karɓa ta sa a cikin tukunyar miya. Ɗaliban jami'a suka yi ta zuwa da jakunkunan littattafansu a baya, suna tsugunawa suna ce mini Baba sai haƙuri. Ƙaramin jikan kuwa, da Turancinsa na Manchester mai haɗiye ƙarshen kalma, tambayar kowa yake yi ko yanzu za a yar da daron kaka.

Ana cikin haka mijin 'yar, wanda akanta ne kuma mutum mai son zaman lafiya, ya miƙo mini wayarsa in saurari saƙon murya da ya zaga cikin mutanenmu. Muryar ɗan riƙon Yaya ce, wanda ta raina tun yana maraya, wanda ya shugabanci ƙungiyar agajin ƙasarmu shekaru da dama. Ya sauka tuntuni, yana zaune a Birmingham, amma har yau Ciyaman ake ce masa kuma yana amsawa. A cikin saƙon ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ce ya gode wa Allah da Innarsa ta bar duniya sun rabu lafiya ta yafe masa komai, kuma zai zo da tutar ƙungiya a rufa wa makararta.

Wannan saƙon ne ya sa na zauna rubutu. Yaya ba ta yafe masa ba. Tun ranar na ƙudura ba zan bari a binne ta da wannan ƙaryar ba.

Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, domin akwai mutanen kirki a cikinta har yau. Ta faro tun zamanin Turawa, aikinta a lokacin koya wa 'yan makaranta ɗaure rauni da ɗauke wanda ya suma a filin wasa. Bayan 'yancin kai aka sake mata suna da tuta, ta zama tamu. Duk maza ne. Na yi aikin tafinta a Khartoum da Njamena da Jidda da Marseille, na shiga ofisoshin agaji iri-iri, kuma ko'ina tarihi da hoto ɗaya yake farawa: maza a kan kujeru, hannuwa bisa gwiwa. Ban taɓa ganin an rataye hoton wadda ta ɗauki bokiti ba.

Shekarar da amai da gudawa ya fara shigo garinmu, 'yan agaji suka tarar da iyakarsu a zaure. Namiji ba ya shiga cikin gida, kuma ba ya wanke mace. Dangi na gudu don tsoro, gawar mace ta kwanta a ɗaki har ta fara canzawa. Yaya a lokacin ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta je ofishin ƙungiya da ƙafarta ta ce a ba ta safar hannu da maganin da ake zuba wa ruwa. Akawun ya yi dariya, amma ya ba ta. Ta tara matan da mazansu suka mutu da tsofaffin da suka daina jin tsoron komai, suka fara shiga gidajen da kowa ke tserewa. Haka sashen mata na ƙungiyar ya samo asali, a kan tabarmar tsakar gidan Yaya, da daro ɗaya na ƙarfe da buta. Su suka yi aikin sanƙarau, su suka yi na fari da na ambaliya. Daga baya ƙungiya ta ɗinka musu farin mayafi mai tambari, suka riƙa yafawa suna tinƙaho da shi.

Yaya tana da yadda take aikinta. In ta shiga wurin gawa sai ta yi sallama. Tana gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, kamar za ta yi wa jariri wanka. Ba ta juya gawa sai ta ce, baiwar Allah zan juya ki. Tana gaya wa duk wadda ta koya wa aikin cewa wadda ta mutu ba ta iya jan zane ta rufe jikinta, saboda haka ke ce hannunta.

Shi kuwa ɗan riƙon, ɗan aminin mijinta ne. A ɗakinta ya yi ƙyanda, a bayanta ya yi barci. Ita ta kai shi ƙungiya, ya fara da bin motar da ke kai su ƙauyuka yana riƙe musu daro. Ya zama akawu, aka tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da kwat da sabon Turanci. Lokacin da masu ba da taimako daga waje suka fara zuwa da fararen motoci, shi ya iya magana da su, shi ya hau kujera.

Sai annoba ta ɓarke a wani ƙauye. Maganin ruwa yana nan jibge a sito, an hana fitar da shi sai baƙi sun zo an yi bikin ƙaddamarwa an ɗauki hoto. Mutane suka mutu da yawa. Da baƙin suka tambayi dalili, Ciyaman ya ce musu tsofaffin nan masu wankan gawa ne ke yaɗa cutar da al'adarsu. Ya san ƙarya yake yi. Da hannunsa ya sha zuba wa Yaya maganin a cikin daro.

Na zo hutu daga Njamena, ina tsaye a fili ranar faretin shekara na ƙungiya. Aka sanar a lasifika cewa an rushe sashen mata don kare lafiyar jama'a, kuma kowacce ta mayar da mayafin ƙungiya nan take. Tsofaffin mata, a gaban maza da 'yan makaranta, suna cire lulluɓi. Yaya ta kwance zanen da ta ɗora a ƙugu ta yafa wa mafi tsufa a cikinsu. Ta ninke nata mayafin a hankali, ta taka har gaban rumfar manya, ta sa wa Ciyaman a hannu.

"Ɗana," ta ce, "Allah ya isa."

Ba ta ƙara masa kalma ɗaya ba har ta koma ga Allah.

Gari ya karɓi maganar lasifika. Aka daina cin abin hannunsu. Mai ƙosai a cikinsu ta kife kasko, wata ta bar garin gaba ɗaya. Da tsohuwar nan da ta yafa wa zane ta rasu, Yaya kaɗai ta wanke ta. Da ƙungiya ta zo yin bikin cikar shekaru kuwa, sai aka sanar da duniya cewa matar wani babban mutum ce ta kafa sashen mata, aka rataye hotonta tana yanke ƙyalle da almakashi.

Ni na rako Yaya Ingila bayan 'yarta ta zauna a nan. A filin jirgi kayanta suka yi nauyi, na ce ta bar daron, akwai roba a ko'ina. Ta buɗe akwati ta fitar da atamfofi ta miƙa wa wata mai shara, ta rungumi daronta. Na yi ta bayani da Turanci ga ma'aikacin, na juya da Faransanci ga wani fasinja da ke dariya. Ta jira na gama, ta ce, "Auta, duk harsunan nan da ka iya, babu ko ɗaya da ka iya yin shiru da shi."

Ta zo ta tarar da shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu. Aka rufe ɗakin karatun da take zuwa jin ɗumi tana kallon mutane. Wata rana muna tafe a Withington muka ga layi a bakin coci cikin yayyafi, Turawa da 'ya'yansu, kowa ya sunkuyar da kai. Na gaya mata abinci ake rabawa. Na ga layin abinci a sansanonin gudun hijira da dama, amma ban zaci zan gan shi a ƙasar da take aiko mana da fararen motoci ba. Yaya ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni su kuma wa ke aiko musu da mota. Kashegari ta koma ita kaɗai da Turancinta da bai wuce gaisuwa ba. Ba yunwar ce ta fi damunta ba, tsayuwar mutum a bakin titi kowa na ganinsa ce. Ta yi ta nuna ƙofar gefe da hannu har masu cocin suka gaji suka buɗe, mutane suka riƙa shiga su zauna a kujera da kofin shayi kafin a kira su. Wannan Baturiyar mai furanni ita ke riƙe da mabuɗin ƙofar.

Daron bai daɗe a saman kabad ba. Matar wani ɗalibi ta rasu wajen haihuwa, gawa ta daɗe a asibiti saboda ma'aikata sun yi ƙaranci, da aka sako ta kuma aka rasa wadda ta san wanka a cikin matanmu. Likitoci ne da masu haɗa magani da matan injiniyoyi, amma a gida kowacce ta bar wa tsofaffi wannan aikin, tsofaffin kuwa ba a ba su biza. Yaya ta sauko da daro. Daga ranar ta fara koya musu a ɗakin wanka na masallaci, da ganyen magarya da ake aiko mata daga gida da kafur. Ta ƙara abu ɗaya da ba ta yi a da. Kafin a taɓa ruwa, sai ta ɗaga hannu ta yi wa abokan aikinta na dā addu'a ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunan da ake kiranta. Ba ta taɓa gaya wa matan labarin fareti ba. Sunayen kawai suke ji, suna cewa amin.

Mun yi faɗa da ita sau ɗaya mai tsanani, kuma a kan Ciyaman ne. Masallaci ɗaya muke Juma'a da shi a Birmingham, yana sahun gaba ana kawo masa gaisuwa. Na gaya mata zan tashi bayan salla in tona masa asiri da duk harshen da ke cikin masallacin. Ta ce in na yi haka babu ni babu ita. Ta ce ta riga ta kai ƙara inda ba a karɓar toshiyar baki, kada in je in ɓata mata shari'a da surutu. Na yi fushi na daina kiranta har azumi ya kai rabi. Sai ga ƙullin yaji ta aiko da shi ta hannun wani ɗalibi, ba saƙo, ba gaisuwa. Na ci, na kira ta.

Sannan matar Ciyaman ta rasu. Matan Birmingham suka rasa yadda za su yi, suka kira Manchester a ɗarare. Yaya ta sa daro a cikin buhu ta hau bas. Ta yi wa gawar sallama, ta gwada ruwa da gwiwar hannu, ta wanke ta kamar 'yar cikinta. Da ta fito yana tsaye a bakin ƙofa, ya durƙusa yana cewa Inna, Inna. Ta raɓa shi ta wuce kamar ginshiƙi. Ni na raka ta tasha, na tambaye ta ko hakan na nufin ta huce.

"Haƙƙin gawa na sauke," ta ce. "Nawa yana nan a wuyansa. In ya je filin nan ya faɗi gaskiya a lasifika yadda ya faɗi waccan ƙaryar, sai mu yi magana."

Bai je ba. Ya zauna a Birmingham yana gaya wa mutane cewa Inna ta zo har gida, komai ya wuce.

Ranar jana'iza ya iso a baƙar mota da tuta a ninke da mai ɗaukar hoto. Ya ja 'yar Yaya gefe a farfajiyar masallaci. Ya ce ƙungiya na shirin wani babban biki, za a yi fim na tarihi, shi ne zai ba da labari, kuma zai sa sunan Inna a ciki a matsayin uwar da ta yafe wa kowa. Abin da yake so kawai a rufa tutar a ɗauki hoto, a kuma ba shi daron a ajiye a hedikwata cikin gilashi. Na ga idon yarinyar ya kawo ruwa. Duk rayuwarta tana son ta ji an ambaci uwarta da alheri a wurin da aka wulaƙanta ta. Mijinta ya raɗa mini cewa Kawu a bari, ranar yau ba ta rigima ba ce.

Ban ɗaga murya ba, na tuna ta hana ni. Na ce masa waɗanda suka cire mata mayafi tana da rai ba za su rufa mata tuta tana gawa ba. Likkafaninta ya ishe ta. Na ce sauran maganar mu yi ta a gida gaban jama'a. Ya mayar da tutar mota. Muka binne ta cikin taɓo da sanyi, ya zuba ƙasa yana share hawaye, mai hoton yana bayansa.

Da la'asar falo ya cika da maza, mata suna ɗakin cin abinci, ƙofa a buɗe da labule a tsakani. Ya sake kawo maganar fim. Na ce masa na yarda, amma ba Yaya kaɗai ta yi aikin ba, kuma ita ba za ta shiga tarihi ta bar 'yan'uwanta a waje ba. Tunda shi ke riƙe musu daro a bayan mota, ya faɗa wa mutanen nan su wane ne.

Ya yi murmushi ya ce an daɗe, Kawu. Ya faɗi ɗaya. Ya faɗi ta biyu, ya haɗa sunanta da na wata. Ya gyara hula, ya dubi silin, ya ce ai suna da yawa.

Daga bayan labule wata murya ta ce, "Goggo mai ƙosai, Allah ya jiƙanta." Mai haɗa magani ce, haifaffiyar nan, Hausarta ma da ƙyar. Sauran matan suka ce amin. Wata ta ce Inna ta bakin rijiya. Wata ta ce Iya makauniya mai ɗinka likkafani da laluben hannu. Basomaliyar ma ta faɗi nata da karyayyen harshe. Suka bi su a jere yadda Yaya ke bi, ba su tsallake kowa ba, amin na tashi bayan kowace. Ba su san abin da suke yi masa ba. Su addu'ar da suka saba suke yi.

Da suka gama na ba da labarin sito da fareti, a taƙaice, da Hausa, sannan da Turanci saboda yara. Na ce in na yi ƙarya ga shi nan zaune, ya ƙaryata ni. Bai ƙaryata ba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa gabana, tsoho da furfura kamar ni.

"Kawu, kai ne makwafinta yanzu. Don Allah ka yafe mini a madadinta."

"Ba ni ka cire wa mayafi ba," na ce. "Wadda za ta yafe maka ɗazu ka zuba mata ƙasa. Ta jira ka shekara da shekaru, bas ɗaya ne tsakaninku."

Ya juya wajen labule ya kira 'yar Yaya da sunan da yake kiranta tana ƙarama. Ta fito rungume da daron. Na ɗauka miƙa masa za ta yi. Ta wuce shi ta ajiye a hannun mai haɗa maganin, ta ce mata an kira daga masallaci, akwai wanka gobe da safe.

Na ji an ce an yi bikin, an nuna fim ɗin, matar babban mutum tana nan da almakashinta. Ban yi mamaki ba. Ciyaman ya daina zama a sahun gaba, yanzu kusa da takalma yake salla ya fita kafin a shafa. Wasu sun zo sun ce mini in sassauta, tsufa ya kama mu duka. Na ce musu ni ina yi masa addu'ar tsawon rai da lafiyar kunne. Ba a rasa mace ta mutu a garuruwan nan biyu, kuma duk wadda aka wanke sai an kira sunayen nan, yanzu an ƙara na Yaya a ƙarshe. Filin faretin yana nan, lasifika ma ba ta yi wuyar samu ba.

Allah ya jiƙan Yaya da abokan aikinta, ya suturta su kamar yadda suka suturta matan mutane. Ƙarar da ta shigar kuwa na bar ta yadda ta bar ta. Ban taɓa mata ita ba.